Tsawon Alhaji Iliyasu

A shekarun da kuɗin mai suka yi ambaliya, lokacin da gwamnati ke raba kwangila kamar goron suna, Alhaji Iliyasu Kwandiko ya samu komai sai abu guda. Ya samu kwangilar kwalbatoci tun daga Birnin Kudu har Gwaram, ya samu ta azuzuwan firamare. Ya sayi tifa, ya sayi farar Fijo, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinare. Tsawo ne kawai bai samu ba, don har lokacin ma'aikatar ayyuka ba ta fara bayar da kwangilarsa ba.

Ba wai bai yi ƙoƙari ba. Yana da takalma masu tudu da yake sayowa a Sabon Garin Kano, irin waɗanda samarin zamanin ke hawa kamar an ɗora su kan bulo. Yana da huluna dogaye da aka ɗinka masa musamman, ana cusa musu takarda don kada su rusuna. Da takalmi da hula yakan kai kafaɗar mutane. Masallaci ne kaɗai ke tona masa asiri, don nan dole a tuɓe takalmi a bakin ƙofa, in aka daidaita sahu sai a ga kamar an cire haƙori ɗaya daga jeri.

Duk da haka yana haƙuri, har ranar da aka buɗe gadar da ya gina a kusa da garinsu. Kwamishina ya zo daga Kano, mutum dogo kamar giginya, aka kafa sandar lasifika daidai bakinsa. Da aka kira ɗan kwangila ya yi jawabi sai notin sandar ya cije, aka murɗa aka murɗa ya ƙi sauka. Alhaji na tsaye a ƙasa yana kallon abin magana kamar mai duban wata. Sai Baba Barau, ƙanin mahaifinsa, mutumin da bai taɓa ganin matsala ya bar ta ta huce da kanta ba, ya aika gida mafi kusa aka mirgino turmi aka kife.

Alhaji ya hau. Ya yi jawabi mai kyau, amma babu wanda ya ji ko kalma. Tun daga ranar, daga Kwandiko zuwa Maruta zuwa Dingaya, sunansa ya koma Na-kan-turmi. A gabansa a ce ranka ya daɗe, a bayansa a ce Na-kan-turmi ya wuce a Fijo.

Ana cikin haka Buba, ƙanin matarsa Zahara'u, ya dawo daga Rasha inda gwamnati ta tura shi koyon aikin injinan noma. Ya dawo da hular gashi da ba ta da amfani a Birnin Kudu, da labarai masu yawa. Wata rana suna cin abinci a gidan Alhaji ya ba da labarin wani likita a can wani gari mai ƙanƙara.

"Ƙwauri yake yankawa, Yaya Alhaji. Ya raba ƙashin biyu, ya kewaye ƙafar da zoben ƙarfe kamar wilin keke, har da wayoyinsa. Kullum a murɗa noti kaɗan. Ƙashin ya yi ta bin ɗan'uwansa yana cike gurbin. Kafin ka ankara mutum ya ƙaru."

Alhaji ya ajiye lomar da ya ɗauko. "Ya ƙaru nawa?"

"Kamar taƙi guda," in ji Buba, ya ware babban yatsa da na tsakiya ya nuna. "Amma fa masu rauni ake yi wa. Waɗanda mota ta taka, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

"Ni ma mai rauni ne," in ji Alhaji.

Zahara'u, wadda Allah Ya yi ta doguwa ba tare da ta roƙa ba, ta ɗauke kwanon miya ta ce, "Noti ne ya kunyata ka a gada, yanzu kuma noti za ka kai wa ƙafarka."

Bai kula ta ba. Cikin mako ya gama tsara komai. Zai ce wa duniya ya tafi Umara da doguwar ziyara, daga can ya zarce Rasha, Buba ya yi masa tafinta. Ya kwanta watanni ana murɗa shi, ya dawo ya sauka a Kwandiko ranar Juma'a, ya tuɓe takalmi a bakin masallaci a gaban kowa, ya shiga sahu kafaɗa da kafaɗa. Mutane su ce albarkar ƙasa mai tsarki ce. Shi ya sa sirrin ya fi aikin muhimmanci. Alhaji ya san mutanensa. In suka ji labarin kafin ya dawo, to ko ya kai tsawon Kwamishina ba za su ce ya yi tsawo ba, cewa za su yi an yi masa ƙari, kamar wandon yaro. Daga shi sai Zahara'u sai Buba suka sani, kuma ya sa su biyun sun rantse.

Ya fara zirga-zirga asibitin Birnin Kudu ana ɗaukar hoton ƙashinsa, ana ɗibar jini. Mutanen ƙauye masu kawo marasa lafiya suka riƙa ganinsa yana fitowa daga ɗakin hoto yana gyara wando. Ya lura da su, ya ɗaga musu hannu irin na manya. Bai kawo komai a ransa ba.

Abin da ya hana shi sukuni shi ne ƙofa. Yana gina sabon zaure a gidan mahaifiyarsa, Dada, a Kwandiko, kuma magininsa Ɗanbala ya aiko cewa gini ya kai inda za a ɗora azarar kan ƙofa. Alhaji ya tuna cewa ƙofar da aka tsara daidai Iliyasun yanzu ce. Ya hango kansa ya dawo daga Rasha da sababbin ƙafafu, jama'a sun taru, ya zo shiga zaurensa azara ta kaɗe masa hula. Ya sha wannan wahala duka ya dawo yana sunkuyo a gidansu? Ina.

Ɗanbala kuwa ba ya aiki da tef, ba ya karanta lamba. Da igiya da kara ya gina rabin Kwandiko. Don haka da sassafe Alhaji ya zaro karan dawa mafi tsawo daga dannin bayan gida, ya tuɓe takalmi, ya jingina da bango, ya tsaga alama da wuƙa daidai tsakar kansa. Ya ƙara taƙi guda na likita. Ya yi tunani, ya ga taƙi guda ai na talakawan Rasha ne waɗanda ake yi wa kyauta, ya ƙara na biyu. Sannan ya ƙara tsawon hula, ya datse.

Zahara'u na tsaye a bakin madafa tana kallonsa. "A garinmu dai mutum ɗaya ake aunawa da kara," in ji ta, "shi kuma a kwance ake auna shi, a kai wa masu haƙa."

"Magina ma da kara suke awo. Ke komai sai kin kai shi maƙabarta."

"Ni ban kai ba. Na dai faɗa."

Ya kira Maikano, direban tifarsa, wanda dama zai kai siminti Kwandiko. Maikano mutum ne da magana ke yi wa nauyi kamar buhun simintin da yake ɗauka, abin da ya sa Alhaji ya yarda da shi ke nan.

"Ka kai wannan. Ka ce tsawon Alhaji ne, a yi aiki da shi yau, a gama kafin la'asar, ina nan tafe. Ko wa ya tambaye ka wani abu, ka ce an ce kada ka faɗa. Ka ji?"

Maikano ya ji. Ya ɗauki kara da hannu biyu, ya kwantar da shi a kan kujera kusa da shi, ya ja tifa. Ƙurar siminti ta riga ta mayar da idanunsa jajur kamar wanda ya kwana kuka. Sai bayan ya ɓace Alhaji ya tuna bai ambaci sunan Ɗanbala ba, amma ya ce a ransa ai ko jariri ya san magini ake kai wa awo.

Bayan azahar ya karɓo hoton ƙashinsa na ƙarshe, ya ɗora matasan kai biyu a kujerar Fijo kamar yadda ya saba, ya toshe ido da baƙin tabarau, ya kama hanyar Gwaram shi kaɗai. A kan matasan nan, ta tagar mota, Alhaji mutum ne kamar kowa. Shi ya sa yake son tuƙi.

Da ya saki kwalta ya hau hanyar Kwandiko sai ya fara wuce mutane. Wasu a keke, wasu a jaki, wasu a ƙasa, duk sun nufi gari ɗaya, ba kuwa ranar kasuwa ba ce. Ya ji haushi. Lallai wani babba ya rasu, kuma ba a ga damar aiko masa ba. Ya ga wani dattijo da sanda yana ɗaga hannu, ya tsaya don ya ji labari.

Dattijon ya shigo da addu'a, ya ce sunansa Malam Ɗanladi, dillalin shanu ne daga Maruta. Ya shafa kujera, ya yaba sanyin motar.

"Ina zuwa haka, Malam?"

"Kwandiko, ranka ya daɗe. Jana'iza."

"Allahu akbar. Wa aka rasa?"

"Wani ɗan kwangila ne. Ƙila ka san shi, ku masu motoci kun san juna. Na-kan-turmi."

Ƙafar Alhaji ta zame daga totur. Motar ta yi tari ta ci gaba.

"Kai ka ga gawar?"

"Ba a kawo ta ba tukuna, tana Birnin Kudu. Dama an daɗe ana ganinsa a asibiti, yana ɓoyewa. Yau da safe direbansa ya kawo awo, ya miƙa wa baffan marigayin a ƙofar masallaci. An ce bawan Allah idonsa ya yi ja, ko magana ya kasa. Aka yi aka yi ya faɗi yadda abin ya faru, ya ce an hana shi."

Muryar Zahara'u ta dawo wa Alhaji daga bakin madafa, kalma bayan kalma. Gumi ya keto masa ƙarƙashin doguwar hula. Ya kamata ya cire tabarau ya faɗi ko shi wane ne. Amma ba kullum mutum ke samun damar jin abin da za a faɗa bayansa ba.

"Wane irin mutum ne shi marigayin?"

"To, ba laifi. Yana kyauta in akwai masu kallo. Kwalbatinsa na wajen Dingaya ruwan farko ya tafi da shi, amma ba a faɗin aibin mamaci. Ni sau ɗaya na gan shi, daga nesa, ranar gada. Turmin na fi ganewa." Malam Ɗanladi ya gyara zama. "Abin mamakin dai karan ne. An ce ya fi marigayin nesa ba kusa ba. Tun safe mutanen Kwandiko ke gardama a kansa."

Alhaji ya dubi hanya ya ga inda zai iya juyawa. Zuciyarsa ta ce masa ya koma Birnin Kudu, ya aiko wani ya ce kuskure ne, ya ƙi zuwa garin sai bayan Rasha. Har ya sa hannu kan giya. Sai ya tuna Dada, tsohuwa mai ciwon ƙirji, tana zaune tun safe ana ce mata ta yi haƙuri. Ya cije leɓe ya taka mota.

Maƙabartar Kwandiko a bakin gari take, hanya ta ratsa gefenta. Maza sun cika gindin itatuwa suna jira. Da suka hango farar Fijo suka miƙe gaba ɗaya da salati, mutum huɗu suka ɗauko makara suka nufi bayan motar. Baba Barau, da ƙasa har gira, ya buɗe but da kansa. Ya tarar da taya da jak.

Alhaji ya buɗe ƙofa ya sauko daga kan matasai, ya cire tabarau.

Masu makara suka ajiye ta a hankali suka ja da baya. Wasu daga can gefe suka tuna suna da uzuri a gona. Malam Ɗanladi, wanda ya fito ta ɗaya ƙofar, ya dubi mutumin da ya ɗauko shi, ya leƙa ya dubi matasan, ya sake dubansa.

"Allah Ya jiƙan... wato Allah Ya ƙara lafiya, ranka ya daɗe. Maganar kwalbati kuwa, ruwan bana ne ya yi yawa."

Baba Barau bai gudu ba. Ya zagayo ya kama kunnen Alhaji ya murɗa, ya ji ɗumi.

"Iliyasu, kai ne?"

"Ni ne, Baba."

"To wa za mu saka?"

Ya ja shi har bakin ramin. Alhaji ya leƙa. Kabari ne mai kyau, an daidaita gefensa, an share cikinsa, ga itatuwan rufi an jera. Dogo ne sosai. A gefensa karan yake kwance, daidai wa daida. Karo na farko ke nan da Alhaji ya ga tsawon da yake mafarki a fili, kuma gaskiya ya yi kyau.

"Marmara ce wajen nan," in ji Baba Barau. "Diga biyu muka karya. Na ce musu yaron nan ni na riƙe shi ranar suna, rabin wannan ya ishe shi har da sauran wurin juyi. Liman ya ce gawa takan miƙe."

"Na ce takan miƙe kaɗan," in ji Liman daga baya. "Wasu ne suka ce kuɗin mai ne ya ƙara masa tsawo."

"Kuskure ne, jama'a," in ji Alhaji da muryar jawabi. "Awon ƙofa ne. Ƙofar zaure. Ɗanbala aka aiko wa."

"Ɗanbala yana Dingaya tun asuba," in ji wani. "Kuma direbanka tsawon Alhaji ya ce, bai ce tsawon ƙofa ba."

"Ka je ka faɗa wa uwarka," in ji Baba Barau. Ya ɗauki karan ya saɓa a kafaɗa.

Haka aka shiga gari, kara a gaba, marigayi a baya, jama'a na biye. A ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi har bakin sabon zauren da ba a rufe ba, masu gaisuwa sun cika su, ga kwanukan tuwo da maƙwabta suka kawo. Daga cikin gida kukan mata ke tashi, labari ya shiga, kukan ya tsaya cak, sannan ya koma wata irin hayaniya.

Dada ta fito. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, kowa ya gan ta ya san inda Alhaji ya gado abin da ya gada. Idonta a bushe yake. Daga baya aka ba shi labari cewa tun da aka nuna mata karan da safe ta ce wannan ba ɗanta ba ne, a je a nemo uwar mai shi a yi mata gaisuwa, ta koma ta ci gaba da kaɗa nononta. Amma da ya durƙusa gabanta sai ta ɗora hannu a kansa ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Tashi," in ji ta. "Barau, ba ni abin nan."

Ta kafa karan a ƙasa. "Tuɓe takalmi."

"Dada, a gaban mutane..."

"A gaban mutane aka ce min ka mutu. Tuɓe. Da hular."

Ya tuɓe. Ya sauko duniya. Ta jingina karan da bayansa, ta laluba da yatsa har ta samu tsagar wuƙar da ya yi da safe, daidai tsakar kansa.

"Daga ƙasa zuwa nan na sani, ni na haifa. Daga nan zuwa sama na wane ne?"

"Na hula ne, Dada. Da sararin iska."

"Hular raƙumi? Iliyasu, dube ni. Na haɗa ka da nonon da ka sha. Me kake zuwa yi asibiti, kuma wannan ragowar ta wace ce?"

Alhaji ya yi wa injiniyoyin gwamnati ƙarya a kan siminti ido cikin ido. Ya yi wa Kwamishina ƙarya a kan ƙarfen gada. Ya duba cikinsa ya nemi wadda zai yi wa Dada, ya tarar babu. Ya dubi jama'a, mutanen Kwandiko da na Maruta da na Dingaya, duk waɗanda ya shirya wa mamaki ranar Juma'a, sun zuba masa ido ba ko tari.

Ya faɗa. Da Rasha, da likita, da zoben ƙarfe, da noti. Tun yana yi ƙasa-ƙasa har Baba Barau ya ce ya ɗaga murya, na baya ba sa ji, ko a kawo turmi.

 Da ya gama ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ciwo ke nan. Tambayoyi suka fara zuwa cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, wato ƙafar lafiyarta ƙalau za a karya?"

"Duka biyun?"

"Kuma kai za ka biya su, ba su za su biya ka ba?"

"Da ka yi magana," in ji Baba Barau, "ai da mun karya maka a nan kyauta. Ga sauran diga."

"Hannuwan fa?" in ji Malam Ɗanladi, wanda ido irin na dillali bai bar shi ya yi shiru ba. "In an ja ƙafa an bar hannu, yaya za a yi ruku'u?"

Liman ya ce wannan tambaya ce mai kyau, zai duba.

Alhaji na tsaye ba takalmi ba hula, yana jin shirinsa na tsiyayewa kamar siminti a buhu mai huda. Ko gobe ya tafi, ko ya dawo yana shafa rufin masallaci, an gama. Yara za su bi shi suna neman wurin ɗinki. Za a riƙa tambayarsa ko notin na buƙatar mai.

Dada ba ta yi faɗa ba. Ta miƙa wa Baba Barau karan, ta dubi ɗanta ta ce, "Ni ban hana ka ba. Kuɗinka ne, ƙafarka ce. Amma yau na ɗanɗana zaman makokinka, bai yi min daɗi ba. In ka je suka murɗa ka ka mutu a ƙanƙara, kada a aiko min da kara. Na ga ɗaya ya ishe ni."

Ta juya za ta shiga, sai ga Ɗanbala magini ya faɗo a keke daga Dingaya yana haki, ya zo jana'iza. Ya ga mai gidansa tsaye, aka yi masa bayani a gurguje. Da yake shi mai sana'a ne, abu ɗaya ya tambaya: ƙofar fa, a wane tsawo?

"A yi ta yadda ya aiko," in ji Dada ba ta waiwayo ba. "Ya riƙa shiga yana tunawa."

Saura rami. Baba Barau ya ce tun kakanni ba a barin kabari ya kwana da baki buɗe a Kwandiko, kuma karan awo mai shi yake bi. Tunda mai wannan tsawon bai zo ba, kuma bisa dukkan alamu ba zai zo ba, sai a sa abin da ya samu. Ɗanbala ya yi sauri ya auna karan da igiya ya ƙulla. Aka koma maƙabarta. Liman ya ce shi ba ya yi wa kara salla, ya tsaya daga nesa. Aka kwantar da karan, ya zauna cif kamar don shi aka yi, dama kuwa don shi aka yi. Baba Barau ya miƙa wa Alhaji shebur.

"Kai ne makusancinsa. Fara."

Alhaji ya zuba ƙasa. Aka mayar da rami, aka dawo aka cinye tuwon makoki don kada ya lalace. Masu tafiya suka riƙa zuwa suna yi masa sallama ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ya fara jin sabon sunan. Wani ya ce Allah Ya jiƙan Dogo. Wani ya ce Allah Ya ba ka haƙurin rashin Dogo, ranka ya daɗe. Kafin rana ta faɗi sunan Na-kan-turmi ya bi kara cikin rami. Daga Kwandiko zuwa Gwaram babu mai kiransa sai Alhaji Dogo, a gabansa da bayansa, har takardun kwangila suka fara zuwa da sunan.

Da ya koma Birnin Kudu ya tarar labari ya riga shi. Zahara'u ta kawo masa ruwa ta durƙusa da ladabin da bai taɓa gani ba.

"Sannu da dawowa. Ya hanya? An ce kabarin da faɗi."

Ya karɓi ruwan ya sha. Ta ci gaba.

"To ai buƙata ta biya. Dogo kake so a ce, ga shi ana cewa, ko allura ba a yi maka ba."

An gama zaure kafin damina. Ƙofarsa ita ce mafi tsawo a ƙasar Gwaram, baƙi kan tsaya su tambaya ko masallaci ne. Alhaji kan shiga ta da takalmi mai tudu da doguwar hula, sama da shi kuma akwai sararin da wani mutum zai iya zama.

Bayan 'yan makonni Buba ya zo da fasfo a hannu, ya ce takardu sun fito, saura a sa ranar tafiya, likita na jira. Alhaji na kishingiɗe yana sauraron rediyo. Ya karɓi fasfon, ya dubi hotonsa, wanda daga kafaɗa ne zuwa sama, ya tura shi ƙarƙashin matashi.

"Ka rubuta masa ka ce ya yi haƙuri," in ji shi. "Wanda za a yi wa aikin ya rasu. Ni na fara zuba masa ƙasa."